Yadda Ake Auna Cibiyar Zarra Mai Gajeren Kwana: Jagora Ga Ɗalibin Fiziks Na Zango

Ran nan bayan isha'i, a bakin masallacin unguwarmu a Nima, wani ƙanena da ke karatun fiziks a Legon ya zo ya zauna kusa da ni a benci da littafi a hannu. Ya ce, "Yaya, na karanta cewa lithiyam-11 ba ya cika milisakan tara rabinsa ya ruguje. To abin da bai kai ƙiftawar ido a duniya ba, a kan wane sikeli aka ɗora shi har aka ce ga nauyinsa?" Na fara ba shi amsa ke nan mai shayi ya soma tattara kofuna, dare ya yi. Na yi masa alkawarin zan rubuta masa abin daki-daki. Ga shi nan, shi da duk ƙannenmu na Nima, Mamobi, Madina da Aboabo ta Kumasi da wannan tambaya ta taɓa hana su barci.

A tsakiyar kowace ƙwayar zarra akwai cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai furoton da nutron. Yawan furoton shi ke faɗin sunan sinadari: uku lithiyam ne, ashirin kalsiyam, 79 zinariya. Yawan nutron kuwa yana iya bambanta, kuma shi ke raba aisotof da ɗan'uwansa. Lambar da ke bin suna, kamar 11 a lithiyam-11, jimlar furoton da nutron ce, wato lambar nauyi. Cibiyoyin da ba sa rugujewa kusan 250 ne kawai. Waɗanda aka gano zuwa yau sun haura 3,000, kuma mafi yawansu sai an ƙera su a ɗakin gwaji, da yawansu su yi 'yan sakan ko ƙasa da haka, su rikiɗe. Waɗannan da nutron ya yi musu yawa ainun, ko ya yi musu kaɗan ainun, su nake kira masu gajeren kwana.

Ita cibiya tana iya kasancewa a harzuƙe da rarar kuzari, tana iya kasancewa a natse. Idan ka zuba ruwa a randa, zai yi ta kai-kawo kafin ya kwanta. Wannan kwanciyar, inda babu sauran kuzarin da za ta zubar tana nan a matsayinta, ita ce matakin ƙasa. A nan ake son a san abubuwa shida: nauyinta, rabin ranta (lokacin da rabin irinta ke ɗauka su ruguje), juyinta (kamar yadda katantanwa ke juyawa a kanta), ƙarfin maganaɗisunta, siffarta, sai faɗinta.

Kafin mu shiga, riƙe abu ɗaya. Mai shinkafa a kasuwar Nima ba ta ƙirga ƙwaya, olonka take cikawa. Maƙerin zinariya yana ɗora dutsen da ya san nauyinsa a tafi ɗaya, zinariya a ɗayan. A duk matakan aikin da za su biyo baya za ka ga haka ake yi: a ajiye baƙuwar cibiya kusa da wadda aka sani sarai, a auna tazarar da ke tsakaninsu, kuma a yi sauri kafin baƙuwar ta tafi.

Mataki na farko: fensir da takarda

Ba a fara wannan aiki a gaban na'ura. Ana fara shi ne da teburin nauyi da ake kira AME2020 da abokinsa NUBASE2020, wanda ya tara rabin rai da juyi. Kyauta suke a intanet, haka ma taswirar cibiyoyi ta hukumar nukiliya ta duniya, IAEA, da za ka iya buɗewa a wayarka kana cikin turoturo.

Fara da hiliyam-4 don hannunka ya faɗa. Zarrar haidurojin tana da nauyin 1.007825 u (u shi ne ma'aunin nauyin zarra), nutron 1.008665 u. Biyu-biyu daga kowanne sun ba ka 4.032980 u. Amma zarrar hiliyam-4 nauyinta 4.002603 u ne. An samu giɓin 0.030377 u. Ninka shi da 931.494 don ka mayar da nauyin kuzari, ka samu MeV 28.3 (MeV ma'aunin kuzari ne; keV dubu ne MeV ɗaya, MeV dubu kuma GeV ɗaya). Wannan giɓin shi ne kuzarin da ya ɗaure cibiyar wuri ɗaya. Ka ga ashe auna nauyi auna ƙarfin ɗauri ne, shi ya sa ake kashe maƙudan kuɗi a kai.

Yanzu koma kan lithiyam-11 ɗinka, mai furoton uku da nutron takwas. Teburin yana ba da abin da ake kira rarar nauyi, wato tazarar da ke tsakanin nauyin zarra da lambar nauyinta, an mayar da ita kuzari da keV. Na lithiyam-9 shi ne 24,955, na nutron guda 8,071.3, na lithiyam-11 kuma 40,728. Haɗa na lithiyam-9 da na nutron biyu, ka cire na lithiyam-11: saura keV 369. Da ɗan wannan kuzarin kaɗai nutron biyun ƙarshe suke manne. A cibiyoyin yau da kullum, cire nutron biyu yakan ci fiye da MeV goma. Saboda riƙon ya yi sako-sako haka, nutron biyun suna yawo nesa da sauran, kamar sansanin da ke kewaye wata a daren hazo, har faɗin yawon nasu ya yi kusa da girman cibiyar dalma-208. Isao Tanihata da abokan aikinsa ne suka fara ganin alamar hakan a Bakili ta Amurka a 1985.

Idan ka yi wannan lissafi ga aisotof na sinadari ɗaya a jere, ka zana shi a jadawali, za ka ga layin yana sauka a hankali, sai kwatsam ya yi tsalle ƙasa. Nutron a cikin cibiya zagaye-zagaye suke zama, kuma inda layin ya faɗa, nan ne wani zagayen ya cika: 2, 8, 20, 28, 50, 82, 126. Maria Goeppert Mayer da Hans Jensen sun sami kyautar Nobel ta 1963 kan bayanin waɗannan lambobi. Abin da ya sa masu gajeren kwana suke da daɗin nazari shi ne lambobin ba sa tsayawa a inda littafi ya ajiye su. A 1975, awon nauyin sodiyam masu yawan nutron a CERN, babban ɗakin binciken fiziks na Turai, ya nuna cewa lamba 20 ta rasa ƙarfinta a wannan yanki. A 2013 kuma awon kalsiyam-53 da 54 ya ƙarfafa hujjar cewa 32 ta zama irin wannan lamba a kalsiyam.

Akwai wani dalilin da ya shafe mu kai tsaye. Zinariyar da ake haƙa a Obuwasi ba a ƙasa aka dafa ta ba. Mafi yawanta ta samu ne a wuraren da nutron ya yi ambaliya, irin karon taurarin nutron biyu da aka hango ranar 17 ga Agusta 2017. A irin wannan wuri cibiyoyi kan haɗiyi nutron da sauri, su bi ta cikin masu gajeren kwana, sannan su ruguje su dawo sinadaran da muka sani. Mai son ya lissafa yawan zinariyar da za ta fito dole ya san nauyi da rabin ran waɗannan cibiyoyi na kan hanya.

Yayin da kake duba teburin, lura da lambobin da aka sa wa alamar #. Waɗannan ba a auna su ba, hasashe ne daga maƙwabtansu. Duk inda ka ga alamar, aiki ne ke jiran mai yi.

Mataki na biyu: a ƙera cibiyar

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta ISOLDE da ke CERN kusa da Jeniba, wadda take aiki tun 1967. Ana harba furoton masu kuzarin GeV 1.4 kan wani dunƙule mai kauri, sau da yawa na yuraniyam da kabon, wanda aka zafafa zuwa wajen digiri 2,000. Furoton suna farfasa cibiyoyin yuraniyam, ɗaruruwan aisotof iri-iri su fito. Zafin ne ke sa su ratso dunƙulen su fita, a cire wa kowace zarra ilektiron ɗaya ta zama ayon mai caji, a ja ta da wutar da ta kai bolt dubu 30 zuwa dubu 60. Cibiyar TRIUMF ta Bankuba a Kanada ma haka take yi. Kyan wannan hanya shi ne ayon suna fitowa a tsanake, masu sauƙin kamawa. Aibinta shi ne jinkiri: kafin zarra ta ratso dunƙulen, da yawa sun mutu a hanya, wasu sinadaran kuma sukan manne a bango su ƙi fitowa sam.

Ta biyu, a harba cibiya mai nauyi da gudun da ya kai wani babban kaso na gudun haske kan siririn faifai. Gutsattsarin suna ci gaba da gudu, maganaɗisu su tace su cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Haka ake yi a RIKEN ta Jafan, da GSI ta Damshitat a Jamus, da FRIB ta Jami'ar Jihar Mishigan da aka buɗe a 2022. Nan babu ruwan hanyar da halin sinadari, amma abin da ya fito yana gudu ƙwarai, sai an tsayar da shi a cikin iskar hiliyam kafin a yi masa awo mai kyau.

Kowace ka zaɓa, sai ka rubuta takardar neman lokaci ga kwamitin wurin. Za su tambaye ka ayon nawa za su iso na'urarka a sakan, da zaman aiki nawa kake buƙata, kowane zama awa takwas. Ka zo da lissafinka a hannu.

Mataki na uku: tsince tsakuwa

Wanda ya taɓa ganin uwarsa ta baza shinkafa a faifai tana tsintar tsakuwa ya san wannan mataki. Abin da kake nema wataƙila guda ɗari ne a sakan, sharar da ta biyo shi miliyoyi.

Rariyar farko maganaɗisu ne mai lanƙwasa hanyar ayon. Mai nauyi yana yin baka mai faɗi, mara nauyi ƙarami, sai a buɗe ƙofa daidai inda naka zai bi. Wannan yana raba nauyi 52 da 53 cikin sauƙi. Matsalar ita ce 'yan lamba ɗaya: kalsiyam-52 da kuromiyam-52 duk 52 ne, bambancinsu ɗan mitsitsi ne. Don haka ake ƙara rariya ta biyu, wato leza. Kowane sinadari yana da launukan haske da shi kaɗai yake amsawa. Idan aka saita leza biyu ko uku kan matakan ilektiron na sinadarin da kake so, shi za su ɗaga mataki-mataki har ya saki ilektiron ya zama ayon, sauran su wuce ba caji. Dabara mai sauƙi da ke tattare da wannan: toshe lezar ka sake ƙirgawa. Abin da ya ɓace naka ne, abin da ya rage shara ce.

Daga nan a shigar da ayon wani bututu mai sanduna huɗu da 'yar iskar hiliyam a ciki. Suna karo da hiliyam, zafinsu ya huce, su taru a ƙarshen bututun, a sake su dunƙule-dunƙule maimakon tsiyaya.

Mataki na huɗu: sikelin

Ga amsar tambayarka, ƙanena. Sikelin agogo ne. Ayon mai caji idan ya shiga filin maganaɗisu yana zagaye, kuma yawan zagayensa a sakan ya dogara ga abu uku kacal: cajinsa q, ƙarfin filin B, da nauyinsa m.

f = qB / 2πm

Na'urar da ke riƙe shi wuri ɗaya yana wannan zagaye ita ce tarkon Penning. Maganaɗisu yana hana shi fita ta gefe, ɗan filin lantarki yana hana shi zurarewa ta sama ko ta ƙasa. Hans Dehmelt, wanda ya ƙirƙiro ta, ya raba kyautar Nobel ta 1989. A na'urar ISOLTRAP da ke ISOLDE ƙarfin filin tesla 5.9 ne. Ɗauki kwakuletarka: ayon mai caji ɗaya da nauyin 100 u zai yi zagaye kusan dubu 906 a sakan. Siziyam-133 kuma kusan dubu 682.

Yadda aka saba yi shi ne a kama ayon, a kaɗa shi da igiyar rediyo na wani ɗan lokaci, a sake shi ya tafi wurin na'urar ƙirga, a rubuta tsawon tafiyar. A sake kama wani, a ɗan matsa mitar igiyar, wato yawan kaɗawarta a sakan, a maimaita. Lokacin da mitar ta yi daidai da zagayen ayon, zai kwashi kuzari, ya riga sauran isa. Idan ka zana lokacin tafiya a kan mita, za ka ga rami a tsakiya. Tsakiyar ramin shi ne f.

To amma B fa? Babu wanda ya san ƙarfin maganaɗisunsa daidai da yadda ake buƙata, kuma yana ɗan gusawa da zafin ɗaki da matsin hiliyam ɗin da ke sanyaya shi. Nan dutsen maƙeri ya shigo. Ka auna ayon da aka san nauyinsa ƙwarai, kamar fotasiyam-39, rubidiyam-85 ko siziyam-133. Sannan ka auna baƙon. Sannan ka sake auna na sanin. Daga awo biyun na gefe ka ƙiyasta abin da na sanin zai bayar a daidai lokacin da ka auna baƙon. Raba mitar na sanin da ta baƙon, ka samu r. Nauyin zarrar baƙon shi ne r sau nauyin zarrar sanin da aka cire wa ilektiron ɗaya, sannan ka mayar da nauyin ilektiron ɗin. B ya fita daga lissafin gaba ɗaya. Zaɓi na sanin da nauyinsa ya fi kusa da na baƙon, domin ƙananan karkacewar tarkon suna girma da tazarar nauyi.

Da wannan ake kaiwa ga daidaiton kashi ɗaya cikin miliyan ɗari. Ga cibiya mai nauyin 100, wajen keV ɗaya ke nan.

Lokaci ne ke yanke hukunci a nan. Kaifin awon, wato iya raba nauyi biyu masu kusa da juna, kusan f sau tsawon kaɗawar ne. Sakan ɗaya a mita dubu 906 yana ba ka kaifin kusan miliyan. Idan cibiyar ba za ta jira fiye da milisakan ɗari ba, kaifin ya ragu sau goma, sai dai ka rama da yawan ayon. Duk da haka, a 2008 na'urar TITAN ta TRIUMF ta auna lithiyam-11 a cikin irin wannan tarko. Abin da ya taimaka shi ne rashin nauyinsa: yana zagaye miliyoyi a sakan, don haka 'yan milisakan ma sun isa a ƙirga zagaye masu yawa.

Sabbin dabaru biyu sun sauƙaƙa al'amarin. A ɗaya, wadda aka fito da ita a GSI a 2013, ba a neman rami. Ana barin ayon ya yi zagaye na ƙayyadadden lokaci, a jefa shi kan faifan da ke nuna inda ya faɗa, a karanta kusurwar kamar hannun agogo. Ayon kaɗan sun isa. A ɗayar, ana sa ayon tsakanin madubai biyu na lantarki su yi ta kai-kawo sau ɗaruruwa, har nisan tafiyar ya kai ɗaruruwan mitoci a cikin bututun da bai fi tsawon tebur ba. Mara nauyi yana riga mai nauyi, cikin milisakan gommai 'yan lamba ɗaya sun rabu. Da ita aka auna kalsiyam-54 ɗin nan.

Tarko biyu ne ke kama masu awo su kansu. Na farko, kwaɗayin cusa ayon da yawa a lokaci ɗaya. Suna tura juna, mitar ta karkace, don haka ɗaya ko biyu ake so a kowane kamu. Na biyu ya fi haɗari: wasu cibiyoyin suna da matakin harzuƙa mai daɗewa, wanda ake kira aisoma, wani lokaci ma ya fi matakin ƙasa tsawon rai. Kana iya auna shi da kyau, ka rubuta shi a matsayin matakin ƙasa. Kafin ka yarda da lambarka, duba NUBASE ka ga ko akwai aisoma, ka nemi shaidar wanne ne ya shigo tarkonka.

Mataki na biyar: tambayi ilektiron

Juyi, maganaɗisu, siffa da faɗi ba a ganinsu kai tsaye. Amma ilektiron da ke kewaye cibiyar suna jin ta, kuma abin da suka ji yana ɗan motsa launin hasken da suke sha, da kusan kashi ɗaya cikin miliyan. Leza tana iya ganin wannan.

Ana aika ayon cikin dogon bututun da aka zuƙe iskarsa, hasken leza ya bi layi ɗaya da su. Saurin da aka ba su yana matse bambancin gudun da ke tsakaninsu, layukan hasken su fito sirara. Sau da yawa ana ratsa su ta cikin tururin sodiyam ko fotasiyam, kowane ayon ya karɓi ilektiron ya koma zarra. Sannan, maimakon a juya launin lezar, sai a bar ta a kafe, a riƙa sauya gudun ayon da 'yar wuta kaɗan-kaɗan. Kamar yadda ƙarar hon ɗin mota ke sauyawa idan ta nufo ka da idan ta wuce, haka launin da zarra ke gani yake sauyawa da gudunta. Idan ya yi daidai, sai ta sha hasken ta fitar, na'urar gefe ta ƙirga. Da yake ayon suna zuwa a dunƙule, ana buɗe ƙirgar ne kawai a ɗan lokacin da dunƙulen yake wucewa, hasken banza ya ragu sau dubbai. Na'urar COLLAPS ta ISOLDE haka take. Maƙwabciyarta CRIS kuwa tana ƙara leza ta fizge ilektiron ɗin, ta ƙirga ayon maimakon haske, har ta auna tagulla-78 da ke zuwa kusan guda 20 a sakan.

Abin da zai fito a allon kwamfuta tsaunuka ne a jere. Cibiyar da furoton da nutron ɗinta duk cika ne, ba mara ba, juyinta sifili ne, tsauni ɗaya za ka gani. Sauran suna rabuwa. Yawan tsaunukan, tazararsu da tsayinsu su ke faɗin juyi, I. Daga tazarar kuma za ka fitar da lambobi biyu, A da B (wannan B daban yake da na ƙarfin filin maganaɗisu). Nan ma sai dutsen maƙeri: ka auna aisotof mai ɗorewa na sinadarin a na'ura ɗaya, rana ɗaya. Ƙarfin maganaɗisun baƙon shi ne na sanin, sau A·I na baƙon, a raba da A·I na sanin. Siffa kuma daga rabon B biyun take fitowa, muddin juyin ya kai ɗaya. Alamar lambar tana gaya maka ko cibiyar ta miƙe kamar gwanda ko ta baje kamar kabewa.

Faɗi ya fi wuya. Tsakiyar tsaunukan tana gusawa daga aisotof zuwa aisotof saboda dalili biyu: nauyi ya sauya, kuma faɗin cajin ya sauya. Na farkon sai ka lissafa ka cire, abin da ya rage ka raba da wata lamba F da masana lissafin zarra ke bayarwa, ko a samo ta daga aisotof ɗin da aka riga aka san faɗinsu. A ƙananan sinadarai ɓangaren nauyin ya rinjayi na faɗin nesa ba kusa ba, ƙaramin kuskure a cikinsa ya ɓata komai.

Wahalar tana biya. Littafi zai ce maka faɗin cibiya daga tsakiya zuwa gefe femtomita 1.2 ne (femtomita kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na mita) sau tushe na uku na lambar nauyi. Amma kalsiyam-40 da kalsiyam-48 faɗin cajinsu kusan ɗaya ne duk da ƙarin nutron takwas, sai ga kalsiyam-52 a 2016 ya fito da faɗin da ya wuce hasashen masana. A aisotof ɗin zaiba marasa nauyi kuma, tun shekarun 1970 aka ga ƙara nutron ɗaya yana sa faɗin ya yi tsalle, a ƙara wani ya dawo, domin cibiyar tana sauya siffa gaba da baya.

Mataki na shida: rabin rai, wanda za ka iya koya a Kwabenya

Wannan ba sai ka je Turai ba. Kwame Nkrumah ya aza harsashin aikin nukiliya a Kwabenya ranar 25 ga Nuwamba 1964. Aikin ya tsaya bayan juyin mulkin 1966, sai a 1994 aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, GHARR-1, ƙirar Sin, mai kilowat 30. A 2017 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyam mai ƙarancin tacewa. Babban aikinta shi ne jiƙa samfura da nutron don a gane sinadaran cikinsu, kuma hanyar nan ita ce hanyar auna rabin rai.

Ɗan guntun alminiyam mai tsabta, idan ya sha nutron, wasu cibiyoyinsa na alminiyam-27 suna zama alminiyam-28. Wannan yana rugujewa zuwa silikon-28 da rabin rai na minti 2.245, wajen sakan 135, yana fitar da hasken gama mai keV 1,779. Da farko ka ƙirga ɗakin babu samfur, don ka san abin da ke shigowa daga bango da ƙasa. Ka daidaita na'urar jamaniyam, wadda ke ƙirga gama, da tushen gama da aka san layukansa. Samfur na fitowa, ka ɗauke shi da hantsaki, ka ajiye a mazauninsa, ka ƙirga layin 1,779 na sakan talatin-talatin, kana rubuta lokacin fara kowanne. Bayan minti 22 da rabi, rabin rai goma sun wuce, saura ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu. Cire ƙirgar ɗaki daga kowane awo, ɗauki logarizim na ln, zana a kan lokaci. Layi miƙaƙƙe zai fito, kuma 0.693 a raba da gangararsa shi ne rabin rai. Duk wannan a ƙarƙashin idon jami'in kariya ake yi, da ma'aunin tururin nukiliya maƙale a rigarka.

Karon farko da na yi wannan gwaji, a wani ɗakin gwaji lokacin ina ɗalibi, na samu kusan minti biyu da rabi. Na sake lissafi sau uku, bai motsa ba. Malamin da ke kula da mu ya duba jadawalin, ya sa yatsa kan ɗigon farko guda huɗu da suka kwanta ƙasa da layin, ya ce, "Ina ka ajiye samfurin?" Na ce a jikin na'urar, don in samu ƙirga mai yawa. Ya nuna min wata lamba a kusurwar allo da ban taɓa kula da ita ba. Duk lokacin da na'urar take sarrafa gama ɗaya, kurma ce ga na bayansa. Da farko, samfurin na da zafi, ta yi ta rasa su. Daga baya ta daina rasawa. Farkon layin ya danne, gangarar ta kwanta, rabin ran ya yi tsawo. Muka ja samfurin baya da tsawon tafin hannu, muka yi lissafi da lokacin da na'urar take a farke maimakon na agogon bango, lambar ta dawo inda take.

Ga masu gajeren kwana na gaske ƙa'idar ɗaya ce, hannu ne kawai ba ya iya saurin. Ana dasa ayon a kan tef mai tafiya kamar na kaset, a ƙirga, tef ya janye ragowar da sabbin cibiyoyin da suka haifa, a dasa sabo. A wuraren da ake harba gutsattsari kuma, ana dasa kowane ayon a faifan silikon, a rubuta lokacin isowarsa da lokacin da ƙwayar beta, wadda cibiyar ke fitarwa idan ta ruguje, ta fito daga wannan gurbin.

Mataki na bakwai: faɗi iyakar saninka

Lamba ba tare da tazarar kuskurenta ba, ba ta shiga teburi. Kuskure iri biyu ne. Na ƙirga yana bin tushe na biyu: ƙirga 100 tana da rawar kashi goma cikin ɗari, 10,000 kashi ɗaya. Wannan haƙuri ke rage shi. Na na'ura kuwa, irin wanda ya same ni, ko ka kwana kana ƙirga ba zai ragu ba. Maganinsa shi ne ka auna abin da aka riga aka sani kamar ba ka san shi ba. Idan na'urarka ta kasa dawo maka da rabin ran manganis-56 na awa 2.58, ko nauyin rubidiyam-85 daga siziyam-133, ba ta isa a yarda da ita kan baƙo ba.

Riƙe littafin aiki da biro, ka rubuta komai da lokacinsa, har da sa'ar da wuta ta ɗauke da sa'ar da janareta ya karɓa. A nan Akara wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma idan naitirojin ɗin da ke sanyaya na'urar jamaniyam ya ƙare, kada ka kunna mata babbar wuta. A bar ta ta ɗumama gaba ɗaya ta dawo zafin ɗaki, a sake sanyaya ta, sannan a kunna.

Ƙofofin shiga suna nan. Makarantar digiri na biyu ta kimiyyar nukiliya da ke Kwabenya, wadda hukumar nukiliya ta ƙasa da Jami'ar Gana suka kafa a 2006, tana ɗaukar ɗalibai. KNUST ta Kumasi ta karɓi baƙuncin makarantar fiziks ta Afirka a 2012. CERN tana da shirin bazara da ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen da ba mambobinta ba, ga kuma iThemba LABS kusa da Keftawun. Duk inda ka nema za su so su ga ka iya Python, ka iya ɗora layi kan bayanai ka fitar da tazarar kuskurensa.

Aikinka na wannan mako, ƙanena: sauke teburin AME2020, ka ciro rarar nauyin kalsiyam daga 40 zuwa 54, ka lissafa kuzarin cire nutron biyu kamar yadda muka yi wa lithiyam. Don ka san kana kan hanya, na kalsiyam-48 zai ba ka MeV 17.2, na kalsiyam-50 kuma 11.5. Zana jadawalin a takarda, ka kawo min benci ranar Juma'a bayan isha'i, mu duba abin da ya faru tsakanin 52 da 54.